Yadda zaka raba batirin jirgin ruwa da wuta cikin sauri ba tare da ka ƙona komai ba

Duk wanda ya taɓa jin ƙaurin roba na tashi daga ƙarƙashin kujerar jirgi alhali yana tsakiyar ruwa ya san abin da nake nufi in nace sauri. A mota in waya ta fara hayaƙi sai ka gangara gefen titi ka fito ka tsaya nesa, a ruwa kuwa ina zaka fita ka je? Abin da ya rage maka kawai ka yanke wutar tun kafin robar wayar ta kama, kuma daƙiƙun da kake dasu basu da yawa. Shi yasa ni kullum nake cewa saurin cire batir ba a ranar da abu ya faru ake neman sa ba, tun jirgi na bakin gaɓa ake shirya shi. In baka shirya ba toh ranar zaka tsinci kanka kana laluben sifana a cikin akwati, hannu na rawa, notin kuma ya ci tsatsa ya ƙi juyawa.

Ba gobara kaɗai ke sa a cire batir ba, akwai ajiye jirgi na sati biyu ko wata guda inda ƙananan kaya irin su rediyo da na'urar nuna hanya suke tsotsar wuta a hankali har ka dawo ka murɗa ki ka ji shiru, akwai gyaran waya, akwai ɗauke batir a kai shi caji, akwai kuma gudun ɓarayi. Kowanne da hanyar da tafi dacewa dashi, amma akwai abubuwan da basa canzawa, bari mu fara dasu.

Kafin hannunka ya taɓa batir

Na farko kuma mafi girma, kashe inji. Kar ka kuskura ka cire batir ko ka murɗa makunnin batir zuwa OFF inji na aiki. Dalili kuwa altaneta, wato cajar da inji ke juyawa, tana tura wuta ne zuwa batir, batirin shi ke shanye ta, in ka raba su ba zato wutar bata da wurin zuwa sai ƙarfinta ya yi tsalle sama sosai a cikin ƙiftawar ido, ya ƙona diyod, wato ƙananan kayan lantarkin da ke cikin altanetar, wani lokacin ya haɗa da kwamfutar injin da duk wani kayan lantarki da ke kunne. Akwai masu cire kan batir inji na aiki wai don su gwada ko caja na yi, dan Allah a daina, mita ake sawa a gwada, in caji na tafiya zaka ga wajen bolt 13.8 zuwa 14.4 a batir mai bolt 12.

Bayan inji, kashe duk abin da ke cin wuta, fitilu, rediyo, famfo, inbata. Sannan ka duba duk abin da ke kawo wuta ma, wannan shi mutane suka fi mantawa. In jirgin na jone da cajar bakin gaɓa zare filoginta. In kana da sola, fara raba faifan sola da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin, kafin ka raba kwantirolar da batir, yawancin masu ƙera kwantirola haka suke rubutawa a takardarsu saboda in ka bar faifai na turo wuta babu batir tana iya lalacewa.

Sai iska. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin musamman lokacin caji, ita kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ga kuma tururin fetur, wanda ya fi iska nauyi, baya tashi sama ya tafi, sauka yake ya kwanta a ƙasan jirgi daidai inda aka saba ajiye batir. Don haka buɗe murfin wurin, bar shi ya sha iska na ɗan lokaci, sunkuya ka shinshina, in ka ji warin fetur kar ka taɓa komai sai ka gano daga ina yake. Jirgin da injinsa na fetur ne a ciki yana da fankar da ke zuƙe tururi, ƙa'ida a bar ta ta yi minti 4 kafin a tada inji, toh ita ma wannan ka kunna ta kafin ka kashe wuta ka fara aiki.

Cire zobe, cire agogon ƙarfe, in kana da sarƙa a wuya tura ta cikin riga. Bolt 12 ba zai ja ka ba in ka taɓa da hannu, gaskiya ne, amma batirin tada inji yana iya turo ɗaruruwan amfiya lokaci guda, in zobe ya haɗa kan fozitif da wani ƙarfe zai yi ja zur a yatsanka kafin ka iya zare shi.

Hanyar sifana, wadda dole kowa ya iya

Ko da ka sa makunni mafi tsada, wata rana sai ka kwance waya da hannu, saboda haka mu fara nan.

Gane kawunan tukuna. Fozitif yana da alamar + kuma wayarsa ja ce, negatif alamar − wayarsa baƙa, amma a jiragen zamani da yawa zaka ga negatif ɗin ruwan ɗorawa ne, an yi haka ne don kar a rikita shi da baƙar wayar babbar wuta. Kar ka dogara da launi kaɗai, jirgin da ya wuce ta hannu uku ko huɗu zaka iya samun jar waya a kan negatif saboda ita mai gyaran ya samu ranar, duba alamar da ke jikin batirin kansa. In ta goge, a batir mai kawunan dalma fozitif ya ɗan fi negatif kauri.

Batirin jirgi galibi yana da ƙusa mai zare a gefen kowane kai. Masu inci 5/16 notinsu na sifana inci 1/2 ne, wato kusan lamba 13, masu inci 3/8 kuma inci 9/16, kusan lamba 14. Masu M8 lamba 13. Gwada naka yau, ka san lambar, ka sayi sifana guda ta wannan lambar ka naɗe jikinta da salatif ka bar bakin kawai, ka rataye ta kusa da akwatin batir ba a kansa ba. Wannan ƙaramin abin shi ne rabin saurin.

Yanzu ka fara da negatif. Sassauta notin, zare duk wayoyin da ke kansa, ka lanƙwasa su gefe ka ɗaure ko ka tura bakinsu cikin tsohuwar safar hannu ta roba, saboda waya mai kauri tana da taurin kai, da ka sake ta sai ta koma inda ta saba zama ta taɓa kan batir. Sannan ka koma kan fozitif. In zaka mayar kuma sai ka juya, fozitif farko, negatif ƙarshe.

Me yasa negatif farko? Domin jikin injin da duk ƙarfen da ke haɗe dashi negatif ne. In ka ɗora sifana a kan fozitif alhali negatif na jone, wutsiyar sifanar ta ɗan taɓa inji ko wani ƙarfe, shikenan ka haɗa shot. Na taɓa ganin wannan da idona a hannun wani da muke aiki tare, ƙara kamar an fasa kwalba, farin haske, ya saki sifanar ya ja baya, da muka ɗaga ta gefen bakinta ya narke ya yi rami kamar an gatsa, kan batirin ma dalmarsa ta zube gefe guda. Allah ya kiyaye murfin wurin a buɗe yake tun safe. In da negatif ya fara, ko sifanar ta taɓa inji babu abin da zai faru tunda dama haɗe suke, kuma da zarar negatif ya fita wutar bata da hanyar komawa. Abu ɗaya da zai rage shi ne kar sifana ta kwanta tsakanin kawunan biyu na batirin, wannan kam ko wace waya ka cire zai yi tartsatsi.

In gaggawa ce kawai kake so wuta ta mutu, cire negatif ya wadatar, ba sai ka taɓa fozitif ba. Amma fa a lura, in batir biyu ne aka haɗa gefe da gefe, fozitif da fozitif, negatif da negatif, cire wayar guda ɗaya baya kashe jirgi, ɗayan yana nan yana ba da wuta. Nemo babbar wayar negatif da ta fita daga rukunin gaba ɗaya zuwa inji, ita zaka cire. In kuma a jere aka haɗa su don a samu bolt 24, cire babbar negatif, sannan gajeriyar wayar da ta haɗa batir da batir, sannan fozitif. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai, zaka gode min ranar mayarwa.

In maƙalin kan dalma ya kafe kar ka buga shi da guduma, kar kuma ka sa sukundireba ka banƙara da ƙarfi, kan yana iya tsagewa daga ciki ruwan batir ya fara tsatsafowa. Sassauta notin sosai ka riƙa murɗa shi dama da hagu yana tasowa.

Makunnin batir, wanda shi nake ba kowa shawara

Gaskiyar magana duk sauran hanyoyin bayan wannan suke. Makunnin batir wani kewayayyen abu ne yawanci ja, mai hannun murɗawa, murɗa ɗaya wuta ta mutu a jirgi, ko yaro ka nuna masa zai iya. Kamfanoni irin su Blue Sea Systems, Perko da BEP sun daɗe suna yin su. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa, ta ce a sa shi a duk batirin da ƙarfin tada injinsa ya wuce amfiya 800, amma ni ko naka bai kai haka ba ina ganin ka sa.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai ON da OFF kawai na mai batir ɗaya, akwai mai 1, 2, BOTH da OFF na mai batir biyu, inda zaka tada inji da ɗaya ka bar ɗayan na fitilu da sauran kaya. Lokacin saye duba abu uku. Ƙarfin da yake ɗauka a kai a kai, ƙananan masu kyau suna ɗaukar amfiya 300, wanda ya ishi mafi yawan injinan da ake ratayawa a bayan jirgi, babban injin dizal kuma sai ka duba abin da kik ɗinsa ke ja. Na biyu ya zama an rufe cikinsa yadda tartsatsi ba zai fito ba, zaka ga an rubuta ignition protected ko lambar ISO 8846 ko SAE J1171 a jikinsa, in jirginka na fetur ne wannan ba abin sassauci bane. Na uku in mai batir biyu ne, ya zama irin wanda yake kama na gaba kafin ya saki na baya, ta yadda zaka iya juyawa daga 1 zuwa 2 inji na aiki ba tare da altaneta ta rasa batir ba. Ko da haka kar ka bi ta OFF. Wasu suna da ƙarin ƙananan ƙusoshi guda biyu da ake kira AFD masu kashe altaneta kafin wuta ta yanke, amma ba da kowane inji suke aiki ba, musamman na rataye.

Ga yadda ake sa shi. Zaɓi wuri kusa da batir don waya ta yi gajarta, amma wurin da hannunka zai kai ba tare da ka ɗaga kaya ko ka buɗe ɗakin inji ba. Wannan maganar ina so a tsaya a kanta, domin na ga jiragen da aka sa makunni mai kyau amma aka ɓoye shi can cikin ɗakin inji bayan tanki, toh in wuta ta tashi a nan ɗin fa? Buɗe murfin ma ƙara mata iska ne. Ya zama wuri busasshe, sama da inda ruwa ke taruwa, kuma ba inda gwiwar mutum zata buge shi ya murɗe ba.

Cire negatif na batir kamar yadda muka faɗa. Cire babbar jar wayar da ta tafi inji daga kan fozitif ka ɗaura ta a ƙusar fita ta makunnin. Sannan ka kawo sabuwar gajeriyar waya mai kauri daidai da waccan ko fiye, daga fozitif na batir zuwa ƙusar shiga. A mai batir biyu, batir na ɗaya ya tafi ƙusa 1, na biyu ƙusa 2, inji da allon fiyus su tafi ƙusar da aka rubuta COMMON, negatif na batiran biyu kuma a haɗe su da waya mai kauri ɗaya. A jirgi a layin fozitif ake sa makunni, ba kamar yadda wasu ke yi a mota ba.

Wayar ta zama ta jirgin ruwa, mai siraran zaren tagulla da aka shafe da kuza, ita ke jure gishiri da danshi, ta gida mai tauri girgiza na karya ta. A matse kan wayar da abin matsewa na gaskiya ba filaya ba, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Wajen jera su a ƙusa, mafi kauri shi ne a ƙasa, ƙananan a samansa, sannan washa, sannan noti, kuma kar su wuce huɗu a ƙusa ɗaya. Kar ka sa washa tsakanin kan waya da inda zai zauna, washar bakin ƙarfe mara tsatsa bata wuce da wuta sosai, wurin zai riƙa zafi har ya narka robar. Wayar da ta tafi allon fitilu tana buƙatar fiyus kusa da tushen wutar, ƙa'idar ABYC inci 7 ce, kusan santimita 18, sai in an sa wayar cikin riga ta kariya ake ƙara tsawon.

Ka gama, ka ɗaure komai, makunni na OFF, mayar da negatif. Gwada fitila, bai kamata ta kama ba. Murɗa ON, ta kama, tada inji, bar shi ya yi minti kaɗan, kashe, sannan ka taɓa ƙusoshin da bayan yatsa, in akwai wadda ta yi zafi toh bata ɗauru ba.

Akwai abu ɗaya da bai kamata makunni ya kashe ba, famfon da ke kwashe ruwa daga ƙasan jirgi, mai tashi da kansa in ruwa ya taru. In jirginka a kan ruwa yake kwana, wannan famfon wayarsa ta tafi batir kai tsaye da fiyus ɗinta daban, ta gaban makunnin. In ba haka ba ka kashe wuta ka tafi gida hankali kwance, ruwan sama ya sauka cikin dare, da safe ka tarar jirgi ya nutse a inda ka ɗaure shi. Kuma ka sani in ka cire negatif da sifana shi ma famfon ya mutu, saboda haka jirgin da ke kan ruwa ba'a bar shi haka a tafi. Na'urar gargaɗin iskar gas ma in ana kwana a jirgin haka ake jona ta.

In batirin yana nesa da wurin tuƙi sosai, akwai makunni mai aiki daga nesa, shi babban yana zaune kusa da batir, kai kuma ƙaramin maɓalli ne a gabanka. Nemi wanda baya cin wuta in yana kunne kuma yana da hannun murɗawa a jikinsa ko da maɓallin ya ƙi.

Filogi, ga mai ɗauke batir kullum

Mai ƙaramin kwale-kwale da yake ɗaukar batir ya kai gida caji duk dawowa, shi makunni bai gama masa aiki ba tunda dole wayoyin su fita. Kwance noti kullum kuwa yana cinye zaren ƙusa. Abin da ya dace dashi filogi ne irin na Anderson, wasu ƴan akwatunan roba guda biyu iri ɗaya da ke shiga juna, ana samun SB50, SB120, SB175 da SB350, lambar tana nuna amfiyar da yake ɗauka. Ba'a iya jona shi a juye, kuma galibi launi daban baya shiga launi daban, wanda yake da amfani in kana da bolt 12 da bolt 24 a jirgi ɗaya. Ɗaya ɓangaren ka ɗaura shi a batir da gajerun wayoyi da fiyus a kan jar, ɗayan a wayar jirgi, in zaka cire ka kama jikin filogin ko hannunsa ka fizge, banda jan waya. SB50 ya ishi fitilu da ƙaramin injin lantarki, tada injin fetur kuwa sai manyan, kuma ka duba takardar injin. Rauninsa baya hana ruwa shiga, don haka a ɗaga shi sama, a sa masa murfin roba, a shafa ɗan giris na lantarki. Kar ka zare shi kaya na kunne, bakin ƙarfen yana ƙonewa kaɗan kaɗan.

Injin lantarki na tafiya a hankali, irin na masu kamun kifi, dama ana sa masa abin yanke wuta mai amfiya 50 ko 60 kusa da batir, mai ɗan maɓalli ja da in ka danna sai hannu ya faɗo. Wannan ma hanyar yankewa ce mai sauri ga wannan layin, amma kar a bi da wayar kik ta cikinsa.

Waɗanda bana so

Noti mai fukafuki, wanda ake murɗawa da yatsu. Yana zuwa da batiran jirgi da yawa kuma mutane na son shi don sauri, amma yatsa baya ɗaure shi yadda ya kamata, jirgi kuma duka yake sha a kan igiyar ruwa, a hankali sai ya saki, wurin ya fara zafi, inji ya riƙa ƙin tashi, in ya saki inji na gudu ga altaneta ta tafi. ABYC ta hana amfani dashi a wayar da kaurinta ya kai lamba 6 a ma'aunin kaurin waya na AWG ko ya fi. Canza shi da noti na sifana da washa mai tsaga.

Sai makunnin wuƙa da wanda ake ɗaurawa a kan batir mai koren murfi da ake murɗawa. Na mota ne, a buɗe suke, tartsatsinsu a saman batir yake fita daidai inda haidurojin take, kuma tsatsa na cin su da wuri. Maƙali mai hannun ɗagawa shi da ɗan dama a ƙaramin jirgi buɗaɗɗe mai fitila da famfo kawai, amma a riƙa duba shi, yana saki. Shi kuma barin kan batir sako-sako wai don a riƙa zarewa da hannu, wannan neman gobara ne kawai.

In batirinka litiyom ne

Batiran litiyom irin da ake kira LiFePO4 suna da kwamfuta a ciki mai yanke wuta da kanta in abu ya wuce ƙa'ida, wasu ma ana kashe su daga wayar hannu ta Bluetooth. Kar ka ɗauki wannan a matsayin makunni, in zaka yi aiki ka raba waya da hannu, mita ma tana iya nuna maka sifili alhali da ka jona caja zai farka. Shot ɗinsa ya fi na mai ruwa ƙarfi, shi yasa ake sa masa fiyus irin Class T. Kuma in akwai inbata babba, lokacin mayar da waya zaka ji ɗan tas saboda kafasitocinta, masu tara wuta a cikinta, na cika, ka tabbata makunni na OFF kafin ka ɗaura.

In hayaƙi ya riga ya tashi

Kashe inji da ki ko ka fizge igiyar kashewa, murɗa makunni OFF, kowa ya sa rigar ruwa ya matsa nesa da wurin, ɗauko abin kashe gobara mai hoda. In babu makunni kuma wutar bata kai batir ba, negatif da sifanar nan da ka rataye. In batirin kansa ne ya kumbura ko yana huci ko kana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, kar ka sunkuya a kansa, yanke abin da ke cajinsa ka bar shi ya huce. Bayan komai ya lafa kar ka mayar da wuta don ka gwada, sai an gano wayar da ta yi shot an canza ta. Yana da kyau a samu ƙaramar rediyon hannu ko fitila mai batirinta daban, tunda da ka kashe makunni ta jikin jirgi ta mutu.

Duk wanda zai hau jirginka, kafin ku tashi nuna masa inda makunnin yake ka sa shi ya murɗa sau ɗaya da hannunsa, domin ba lallai kai ne zaka kasance kusa dashi ba.

Kula da kawunan don su riƙa fita da sauƙi

Wannan farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kan batir shi ke kafe noti. Cire wayoyin, dama bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, shafa da tsohon buroshin haƙori, zaka ga yana kumfa, ka kula kar ya shiga ramukan batir mai ruwa, goge da tsumma ya bushe, kankare da buroshin ƙarfe har dalmar ta yi haske. Ɗaura wayar tukuna sannan ka shafa basilin ko giris a sama, ka mayar da jar hular roba a kan fozitif. Batirin ya zauna cikin akwatinsa da ɗamara a ɗaure. Makunnin ma a riƙa murɗa shi lokaci zuwa lokaci ko ba'a buƙata don cikinsa ya goge kansa.

In ajiya zaka yi mai tsawo kuma jirgin yana tudu, cika batirin da caji kafin ka raba shi, mai ruwa in ya huta ya kamata mita ta nuna 12.6 ko 12.7, in ka ga 12.2 ya kai rabi, kuma barin sa a haka na watanni yana kashe shi. Ko a cire yake yana rage wuta da kansa, don haka duba shi duk wata ka ƙara masa. Wayoyin da ka cire daga kowane kai ka ɗaure su wuri ɗaya da igiyar roba, na fozitif daban na negatif daban, ka rubuta adadinsu a salatif ka manna a murfin akwatin, domin ƙaramar waya ɗaya da ta zame bayan akwati, sau da yawa ta famfon ruwa ce.